Amsa ga matar ɗan sandan da ta kasa barci

'Yar'uwa, kin ce tun da aka mayar da maigidanki sintirin dare a unguwar Ɗorayi ta Kano, inda faɗan daba ya yi yawa, barci ya ƙaurace miki. Allah ya tsare shi. Mu da muka ga harin da Boko Haram ta kai hedikwatar 'yan sanda ta Bompai a Kano ranar 20 ga Janairun 2012 mun san wannan faɗuwar gaba.

Ki daina kiransa yana bakin aiki, ƙarar waya cikin duhu tana iya tona inda suke. Shi ya yi miki filashin in ya samu sarari. Kakinsa kuma kada ki shanya a waje, musamman in haya kuke a cikin unguwa.

Sai maganar da mata ba sa son a taɓo: takardu. Ku duba sunan wa ya rubuta a matsayin magaji, don wasu sunan mahaifi ko ɗan'uwa suka sa tun kafin aure. Ki ajiye lambarsa ta aiki da ta fansho.

In ya dawo ya yi gum, ba shi abinci ki ƙyale shi. Amma in firgitarsa cikin barci ta yawaita, ku je Asibitin Malam Aminu Kano.