Amsa: Red Alert 2 a faffaɗan allo

Malam, ka tambayi abin da ya sa hoton wasan kwamfuta na Red Alert 2 ke miƙewa a allon da ka sayo a Wuse, har tankokin yaƙi suka zama kamar an danne su. Wasan ya fito ne a shekarar 2000, lokacin da allunan kwamfuta ke da siffar 4:3 (wato awon faɗi da tsayi), alhali naka 16:9 ne. Don gyara hakan, ka buɗe fayil ɗin saitin wasan, wato RA2.ini, ka mayar da ScreenWidth (faɗin allo) zuwa 1920, ScreenHeight (tsayin allo) kuma 1080. Sai dai sojojin za su ƙanƙance ƙwarai, shi ya sa ni na tsaya a kan 1280 da 720, domin idona ba na saurayi ba ne yanzu. Idan allon ya yi baƙi a Windows 10, manhajar cnc-ddraw takan magance matsalar.