Amsa: Na yi hoton ƙirji, zan iya shayar da jaririna?

'Yar'uwa, kin ce an yi miki hoton ƙirji jiya, kina tsoron radiyeshan ya zauna a jikinki ya shiga nono. Ki shayar da ɗanki yanzu, babu abin jira. Hasken X-ray ba ya kwana a jiki. Kamar tocila ne: muddin injin na kunne hasken na ratsa ki, ana kashewa ya ƙare, ba ya barin komai a jini ko a nono. Radiyeshan da hoton ƙirji ɗaya ke ba mutum bai wuce milisibat 0.1 ba (milisibat shi ne ma'aunin radiyeshan da jiki ya samu), alhali kowannenmu yana samun kusan 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da iska da abinci. Kin ga hoton ɗaya daidai yake da abin da muke samu a kusan mako biyu ke nan.

Inda magana ke canzawa shi ne idan an ba ki magani mai radiyeshan ne kin sha ko an yi miki allurarsa, domin a nan ƙwayoyin zarra masu fitar da radiyeshan ɗin ne da kansu suka shiga jiki. Na ga wata mai jego da za a ba irin wannan maganin mai suna ayodin-131 saboda ciwon maƙoƙo, tana rungume da goyonta tana hawaye, domin dole ta yaye shi gaba ɗaya. Shi ayodin ɗin yana taruwa a nono, kuma sai bayan kwana 8 rabin ƙarfinsa ke raguwa. Naki ba wannan ba ne. Amma duk ranar da kike zargin kina da ciki, ki faɗa wa mai ɗaukar hoton tun kafin ki tsaya gaban injin.