Amsa ga mai son kiɗa tare da abokinsa na Faransa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya kaɗa gurminka daga Tawa, abokinka na Faransa yana bin ka da jita a lokaci guda ta intanet. Gaskiya da wuya. Matsalar jinkirin sauti ce. Idan ya wuce kamar milisakan 30 (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa), kunne yana ji, kiɗa ya fara karo da juna. Tsakaninmu da Faransa ya fi kilomita 3,000, kuma Nijar ba ta da bakin teku, sai layin ya ratsa ƙasashen maƙwabta tukuna. Na gwada Jamulus, wata manhajar kiɗa tare ta intanet, daga Yamai, kalangu ya riƙa zuwa bayan waƙa, raina ya ɓaci ƙwarai.

Abin da ya yi mini amfani shi ne ɗauka bi da bi. Ku fara tsayar da saurin kiɗan, ka sa na'urar ƙidayar bugu a kunne, ka ɗauki gurmin shi kaɗai da manhajar ɗaukar sauti kamar Audacity ko BandLab. Shi kuma ya ɗora jitarsa a kai.

Don Allah kada ka tura da saƙon murya na WhatsApp, yana matse sauti har zaƙin gurmi ya tafi. Tura fayil ɗin WAV, wato nau'in fayil ɗin sauti da ba a matse ba, a matsayin takarda (document). Kuma ka ɗauka da dare, bayan babura sun lafa.