Zan iya gwada Linux ba tare da na goge Windows ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru. An fara koya mana Linux, kwamfutata kuma HP ce mai Windows da RAM 8GB, duk takardun furojet ɗina na ciki. Akwai yadda zan gwada shi ba tare da na yi asarar komai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Akwai, malam. Sauke VirtualBox, kyauta ne. Shi zai gina maka wata kwamfutar a cikin taka, Linux ya zauna a ciki kamar ɗan haya, ɗakinsa daban.

Kafin komai, buɗe Task Manager, shiga Performance, duba CPU. In ka ga Virtualization a kashe, sake kunna kwamfutar ka riƙa danna F10 har BIOS (shafin saitin kwamfutar) ya buɗe, ka kunna VT-x, wato Virtualization ɗin. A nan yawancin ɗalibai ke maƙalewa, VirtualBox ya ƙi tashi su ce manhajar ce ba ta da kyau.

Linux iri-iri ne, shawararmu ka ɗauki Linux Mint Xfce, ba Ubuntu ba. Fayil ɗin ISO (wanda za ka sauke ka saka Linux da shi) na Mint kusan 3GB ne, na Ubuntu 24.04 ya kai kusan 6GB, ga tsadar data, ga nauyi. Ka ba shi RAM 4GB, kada ka wuce haka. Abin da ka ba Linux daga bakin Windows ka cire, in ka yi zari duka biyun za su riƙa sandarewa. Faifai 25GB ya isa, ka zaɓi dynamically allocated don kada ya cinye wurin gaba ɗaya tun farko.

Wajen sakawa za ka ga "Erase disk and install". Kada gabanka ya faɗi, faifan wucin gadin nan kawai zai goge, furojet ɗinka ba ruwansa. Da ka gama, saka Guest Additions (ƙarin manhajar VirtualBox) don allon ya cika, sannan ka ɗauki snapshot, wato ka adana yanayin da Linux ɗin yake ciki a lokacin. Duk ranar da ka ɓata wani abu, ka koma wurin cikin minti ɗaya.

In ka ga hoton kunkuru kore a ƙasan tagar VirtualBox, Hyper-V (manhajar Windows mai aiki irin na VirtualBox) ne ya riƙe VT-x, shi ya sa Linux yake jan ƙafa. Kashe Hyper-V ɗin ka sake kunna kwamfutar. Batirinka kuma in ya mutu, kada ka bar Linux a kunne ka fita, domin ɗaukewar wuta ana cikin rubutu a faifai na iya lalata faifan Linux ɗin. Zaɓi Save the machine state kafin ka tashi.