Ɗana ya bugu a kai a ƙwallon Amurka, koci ya ce tunda bai suma ba ya koma fili

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Don Allah ka taimaka min, hankalina a tashe yake. Muna zaune a Amurka, ɗana shekararsa 16 yana buga ƙwallon Amurka a makarantarsu, ba shi da buri sai NFL, babbar gasar ƙwararrun 'yan wasan. Ranar Juma'a suka yi karo da wani yaro kai da kai, ya tashi yana tangaɗi, da ya dawo gida ya yi amai sau ɗaya, har yau yana kukan ciwon kai kuma ba ya son haske. Kocinsu ya ce tunda bai suma ba babu komai, babansa kuma ya ce ai hular kwanon da ya saya masa mai tsada ce, sannan an yi hoton kai a asibiti aka ce lafiya lau. Juma'a mai zuwa akwai wasa, wai masu neman 'yan wasa daga jami'o'i za su zo. In bar shi ya buga?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. A'a, kada ya buga, ko atisaye kada ya je. Tangaɗi, amai, ciwon kai da gudun haske bayan karo, wannan girgizar ƙwaƙwalwa ce har sai likita ya duba ya ce ba ita ba ce. In kika ga aman ya dawo, ko ciwon kan yana ƙaruwa, ko barci mai nauyi da tashinsa ke wuya, ko magana tana harɗewa, ko hannu ko ƙafa ya mutu, ko jijjiga, to ba jira, ɗakin gaggawa kai tsaye.

Maganar suma ki ajiye ta gefe, mafi yawan masu wannan rauni ba sa suma, masu suman ko ɗaya cikin goma ba su kai ba. Hoton kai kuma jini da karayar ƙashi yake nema, alhamdu lillahi babu su, amma girgizar ƙwaƙwalwa ba ta fitowa a hoton, don haka "lafiya lau" ɗin da aka ce miki ba izinin komawa fili ba ne.

Sai hular kwano, wadda wallahi maganarta ta ishe ni, kusan kullum sai wani uba ya zo min da ita yana faɗa min nawa ya saya kamar kuɗin ne maganin. Hula tana da amfani, tana hana ƙoƙon kai fashewa da tsagewar fata, kuma wata ta fi wata rage ƙarfin duka, ban musa ba. Amma ƙwaƙwalwa ba manne take da ƙashi ba, cikin ruwa take, in kai yana gudu ya tsaya farat ɗaya ko ya juya da ƙarfi ita sai ta ci gaba da tafiya ta kaɗu a ciki. Ki nannaɗe goran nono da bargo ki jijjiga, goran ba zai fashe ba amma abin ciki ya kaɗu. Babu hular da ke hana wannan, ko a jikin hular akwai gargaɗi da kamfanin ya manna yana faɗin haka, mutane ne ba sa karantawa. Abin haushin ma yaro in ya sa mai tsada sai ya ji kamar ya sha maganin ƙarfe, ya sunkuyar da kai ya riƙa tunkuyi da shi. Ga kuma 'yan kasuwa masu robar baki da ƙwayoyin ƙarin lafiya wai suna kare ƙwaƙwalwa, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta daɗe da gargaɗin cewa babu wata ƙwaya irin wannan da aka tabbatar tana hana ko warkar da raunin, amma har gobe ana sayarwa iyaye suna saye.

Da hula tana hanawa ai da 'yan NFL ne za su fara tsira, wa ya kai su kuɗin sayen kaya? Mike Webster, ɗan wasan ƙungiyar Pittsburgh Steelers ta NFL, da hula ya buga duk rayuwarsa, ya rasu a 2002 yana da shekara 50 bayan ya sha fama da ruɗewar tunani, kuma ɗan Najeriya ne, Dakta Bennet Omalu, ya duba ƙwaƙwalwarsa ya gano cutar CTE, wato lalacewar ƙwaƙwalwa daga yawan duka a kai, ya wallafa a 2005, likitocin NFL maimakon su gode sai suka nemi a janye binciken. Sai a 2016 wani babban jami'insu ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar tsoffin 'yan NFL 111 da suka rasu, suka samu CTE a 110. Kada wannan lissafi ya hana ki barci, iyalan da suka riga suka ga alamu ne suka bayar da ƙwaƙwalwar, kuma rauni ɗaya da aka kula da shi ba ya nufin ɗanki zai kamu, tarin duka na shekara da shekaru ne abin tsoro. Kuma duk wanda ya ce zai gwada miki CTE a mai rai ki riƙe jakarki da kyau, sai bayan mutuwa ake tabbatar da ita.

Abin da ya fi damuna a kan Juma'ar nan shi ne duka na biyu kafin na farko ya warke. A matasa wani lokaci ƙwaƙwalwa kan kumbura nan take, ba kasafai ba, amma in ta faru mutuwa ce ko nakasa. Haka ta faru da Zackery Lystedt, yaro ɗan 13 a jihar Washington da ya bugu a kai aka mayar da shi fili a wasan nan dai a 2006, sunansa aka sa wa dokar 2009, kuma yanzu duk jihohi 50 suna da irin ta, a cire yaro in ana zargin raunin, kuma akasarinsu sai da izinin ma'aikacin lafiya zai koma. Kin ga kenan koci ba shi da hurumin yanke wannan hukunci. Ko a NFL da likitoci ke tsaye bakin fili an yi abin kunya a Satumbar 2022, Tua Tagovailoa, ɗan wasan ƙungiyar Miami Dolphins, ya tashi yana tangaɗi aka ce bayansa ne, aka mayar da shi, bayan kwana huɗu a wani wasa a Cincinnati ya sake buguwa aka fitar da shi a gadon ɗaukar majinyata yatsunsa a sandare, sai da aka gyara dokarsu a kan tangaɗi.

Shi kuma Alhaji, na san sikolashif yake hange da kuɗin NFL, ba laifi ba ne, amma a faɗa masa cikin 'yan wasan jami'a ko biyu cikin ɗari ba sa shiga NFL, waɗanda suka shiga matsakaicin zamansu shekara uku da ɗoriya ne, kuma yawancin kwantiraginsu ba duka kuɗin ke da tabbas ba, ka ji rauni a sallame ka. Diyyar raunin ƙwaƙwalwa da NFL ta amince ta biya tsoffin 'yan wasa a 2013, dala miliyan 765 kafin kotu ta sa a cire iyaka, ta waɗanda suka yi ritaya kafin Yulin 2014 ce kawai, kuma har 2021 ana auna baƙar fata da wani ma'auni daban mai ɗauka cewa dama can ƙwaƙwalwarsu ba ta kai ta fari ba, abin da ya sa samun kuɗin ya yi musu wuya, sai da tsoffin 'yan wasa biyu baƙar fata, Kevin Henry da Najeh Davenport, suka kai ƙara aka daina. Ɗanki baƙar fata ne, ya kamata babansa ya san irin kasuwar da yake tura shi.

Gobe ki kai shi wurin likitansa ki ce kina son a duba shi kan girgizar ƙwaƙwalwa, ki rubuta wa makaranta imel ki faɗi alamomin ɗaya bayan ɗaya don ya zama a rubuce, kada ki tsaya a waya da koci. Ya rage waya da talabijin na ɗan lokaci, ya riƙa ɗan tattaki in bai ƙara masa ciwo ba, farasitamol in kan ya matsa, komawa wasa kuma mataki mataki ne, kowane mataki aƙalla awa 24, alama ta dawo a koma baya. Yawancin matasa cikin wata guda suke warwarewa. Masu neman 'yan wasa bidiyo suke kallo, kocin ya tura musu na wasannin baya. Kuma ki sa ido don yaran nan ƙarya suke yi su ce sun warke saboda kada a ba wani gurbinsu, in Alhaji ya ƙi yarda ki taho da shi wurin likitan ya ji da kunnensa.