Batirin mota ya kwana lafiya ya tashi a mace: cajar waya ce ta cinye shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, ina zaune a Ƙofar Ƙaura cikin birnin Katsina. Ranar Alhamis da yamma na ajiye motata ƙirar Toyota Corolla lafiya lau, ban sake taɓa ta ba sai safiyar Asabar da zan tafi ɗaurin aure Daura. Na murɗa makulli, ba abin da na ji sai ƙas-ƙas. Maƙwabcina ya jona mini batirin motarsa ta tashi, na je na dawo ba matsala, amma bayan kwana uku ta maimaita. Batirin bai cika shekara biyu ba. Shi maƙwabcin nawa ya ce cajar waya da nake bari a jone ce take shanye shi. Wata biyu da suka wuce kuma na sa an saka mini rediyo mai allo irin na Android. Shin laifin cajar ne, ko kuwa in sayi sabon batir in huta?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka yi gaggawar sayen batir tukuna, domin idan akwai abin da yake satar wuta a motar nan, sabon ma haka zai kwana ya tashi a mace, kuɗinka kuma sun tafi a banza.

Bari mu fara wanke cajar waya daga zargi. Batirin ƙaramar mota irin taka yana ɗaukar wutar da ta kai ta batirin babbar waya sau 30 ko fiye, saboda haka ko da wayar ka bari a jone ta sha ta ƙoshi, lafiyayyen batir ba zai ji a jikinsa ba, balle caja ita kaɗai da ba waya a bakinta. Bugu da ƙari, a yawancin motocin Toyota ramin da ake soka cajar yana mutuwa da zarar an zare makulli. Kana iya tabbatarwa da idonka: zare makullin ka dubi ɗan hasken da ke jikin cajar, idan ya ɗauke to ba ruwanta.

Batir yana mutuwa ne ta ɗaya daga hanyoyi uku, wato ko shi kansa ya gaji, ko altaneta, na'urar da ke yi masa caji idan inji yana aiki, ba ta mayar masa da abin da aka ci, ko kuma wani abu yana zuƙarsa alhali mota tana kashe. Abin da zai raba maka gardama shi ne ƙaramar mitar gwajin wuta irin ta masu gyaran waya da rediyo, wadda ake samu a shagunan kayan lantarki. Da safe, kafin a tayar da mota, ka saita ta a kan bolt 20 na wutar batir, ka ɗora jan tsinke a kan batirin mai alamar tarawa, baƙin kuma a kan mai alamar ɗebewa. Cikakken batir zai nuna wajen 12.6, idan ka ga 12.2 ya kai rabi, ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. Sai ka sa wani ya murɗa makulli kana kallon mitar, domin idan lambar ta faɗo ƙasa da 9.6 a lokacin da kiki yake juyawa, alhali an cika batirin da caji, to batirin ne ya gaji. Idan inji ya tashi, ya kamata ka ga tsakanin 13.7 da 14.7, wanda ke nuna altaneta tana aikinta. In ta tsaya a 12 da ɗoriya, a duba fanbel ko ya saki, sannan a duba altanetar kanta.

A nan zan ja kunnenka kan wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejinmu, inda bakanike zai cire kan batir inji yana aiki, wai idan mota ba ta mutu ba altaneta lafiya take. Wannan dabarar ta tsofaffin motoci ce. A mota mai kwamfuta, wutar da za ta yi tsalle a daidai lokacin tana iya ƙona ƙwaƙwalwar motar, wadda kuɗinta ya ninka na batir. Kada ka yarda a yi maka.

Ni dai a nawa hasashen altanetarka ba ta da laifi, tunda motar ta kai ka Daura, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka, ta dawo da kai, har ta ƙara kwanaki tana tashi. Wanda nake zargi shi ne rediyon nan. Na'ura ce mai aiki kamar waya, tana da wayoyin wuta guda biyu: rawaya wadda ke samun wuta kullum don kada ta manta agogo da tashoshi, da kuma ja wadda ke samun wuta sai an murɗa makulli. Wasu masu haɗawa, don neman sauƙi, sukan murɗe su wuri ɗaya su jona a layin da ba ya mutuwa, sai allo ya yi duhu kana zaton ya kashe, alhali cikinsa a farke yake. Idan yana jan rabin amfiya (ma'aunin yawan wutar da na'ura ke ja), daga yammacin Alhamis zuwa safiyar Asabar ya cinye kusan kashi ɗaya bisa uku na batir mai lamba 60, wato wanda zai iya ba da amfiya ɗaya har awa 60, kuma batirin da ake yawo da shi daga gida zuwa makaranta, tafiyar minti goma, da ma ba cike yake kwana ba.

Ga yadda ake kama ɓarawon. A kashe mota, a zare makulli, a rufe ƙofofi duka. A mayar da jan tsinken mita ramin da aka rubuta 10A, a kwance kan batir na ɗebewa, a sa tsinke ɗaya a jikin batirin ɗaya kuma a jikin wayar da aka cire, ta yadda duk wutar da za ta fita sai ta bi ta cikin mitar. Kada a tayar da inji ko a kunna manyan fitilu a wannan hali, mitar za ta ƙone. A jira kamar minti 30 kwamfutocin motar su yi barci. Abin da aka saba gani a lafiyayyar mota bai wuce amfiya 0.05 ba, idan kuwa ka ga 0.3 ko 0.5, sai a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya ana kallo, wanda aka zare lambar ta faɗi, layinsa ne ake sata. In an zare duka ba ta faɗi ba, a cire wayar altaneta, domin idan dayod ɗinta, wato abin da ke hana wuta komawa baya, ya lalace takan yi caji da rana ta zuƙe da dare. Na'urar bin sawun mota da ƙararrawar ɓarayi da aka ƙara daga baya su ma a sa musu ido. Idan ba ka saba da wannan ba, ka kai wa mai wayarin mota ka tsaya a kansa ka ga lambar da idonka.

Akwai gwajin da wayarka za ta yi maka kyauta. Ka kunna ɗaukar bidiyo, ka ajiye ta cikin but, ka rufe na rabin minti, sannan ka buɗe ka kalla. Idan fitilar ciki ba ta mutu ba bayan an rufe, ka samu mai laifi, don ƙaramin ƙwai mai wat 5 yana iya kwantar da batir cikin 'yan kwanaki.

Duk da haka ban wanke batirin gaba ɗaya ba. Zafin Afrilu da Mayu a Katsina, da kan haura digiri 40, yana ƙafar da ruwan batir ya cinye farantan dalmar da ke ciki, amma ɓarnar ba ta cika bayyana ba sai hunturu ya shigo, safiyar da man inji ya yi kauri. Idan naka mai murafu ne, ka buɗe ka ga ko ruwa ya rufe farantan, in ya ragu ka ƙara tataccen ruwan batir, ba na famfo ko rijiya ba. Farin garin nan da kan taru a kan batir ma yana hana wuta wucewa, a kankare shi a ɗaure kan tamau. Tunda kuma naka ya mutu murus har sau biyu, ka kai shi wurin mai caji ya kwana a kan na'ura kafin ka yi duk waɗannan gwaje-gwajen, domin batirin dalma idan ya daɗe a mace yakan yi tsatsar da ba ta fita, kuma mita ba za ta faɗa maka gaskiya a kan batirin da bai cika ba.