Amsa: Ta ina nas za ta fara bincike a wad?

Sista, kin ce matiron ta ce bincike aikin likitoci ne, ke kuma kina son ki fara. Gaskiya kar ki tsaya jiran kuɗi, fara da abin da ke gabanki.

Mu a wad ɗin haihuwa da cibiyar jarirai muka fara. Da sifirit muke shafawa, iyaye su koma gida kaka ta dasa gashin cibi da tsumma mai zafi, wasu har man goge baki suke sa wa, bayan kwana biyar a dawo mana da jariri cibi na wari. Sai muka sayi littafi ɗaya muna rubuta duk wanda ya dawo da abin da aka shafa masa, sannan muka shiga PubMed, shafin intanet da ake neman binciken lafiya da aka wallafa, kyauta ne ai, muka ga a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ba da shawarar shafa wa cibi maganin kashe ƙwayoyin cuta chlorhexidine 4% inda jarirai ke yawan mutuwa kuma ana haihuwa a gida.

Littafin nan muka ajiye gaban matiron, ba musu. Amma fa in za ki wallafa, sai kwamitin ɗa'ar bincike na asibitinku ya sa hannu tukuna.